Tanti Mara Rufin Ruwa

Ƙarar farantin sikelina ce ta fara komai. Ƙaramin sikeli ne da nake auna fulawa da sukari idan an ba ni aikin kek ko cincin na biki, kuma farantinsa yana yin wani ɗan ƙwal duk lokacin da aka ɗora masa ƙarfe. Na idar da la'asar, ina zaune kan sallaya ban gama tasbihi ba, sai na ji ƙwal daga kicin. Aka ɗan jima na sake jin ƙwal. Yarana suna Islamiyya, maigidan bai dawo daga ofis ba. Na naɗe sallaya na leƙa.

Ƙanena na tarar a tsaye, ya jera cokula uku a gabansa, yana auna su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a waya.

Na ce, "Auta, lafiya? Cokulan nawa za ka sayar a kilo?"

Ya yi dariya bai ɗago ba. "Wanda ya fi rashin nauyi nake nema, Yaya. Wannan mai lanƙwasasshen kan shi ya ci."

Shi ne autanmu, shekara goma sha ɗaya na ba shi, kuma a bayana ya yi rabin yarintarsa. Da mahaifiyarmu ta rasu sai ya dawo wurina a Kuje, maigidan ya ba shi ɗakin baya. Ya yi karatu, ya yi hidimar ƙasa, ya koyi haɗa sola, aikin yana zuwa yau gobe ya ɗauke. Ya yi aure, auren bai yi tsawon rai ba, matar ta koma garinsu ta sake wani, ta bar masa 'ya. Lokacin da abin nan ya faru yarinyar tana da shekara biyar. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Mamana nake ce mata, ita kuma ta ce mini Goggo.

Gara in faɗa tun yanzu, kada mai karatu ya ɗauka labarin yawon shan iska zan ba shi. Da hannuna na haɗa wa ƙanena kayan da ya tsere da su, ya bar ni da 'yarsa da maganar da na rasa ta inda zan fara gaya mata.

Watanni kafin ranar cokulan ya shiga cikin matasan nan masu hawan duwatsu ranar Asabar. Duk wanda ke Abuja ya san su, da takalman kambas da gorunan ruwa, suna ɗaukar hoto a ƙololuwa kamar sun ci yaƙi. Ni murna na yi. Tun mutuwar aurensa ya zama mutumin ɗaki, sai ka yi sallama uku kafin ya amsa. Da ya fara hawan dutsen sai ga shi yana dawowa da gumi da yunwa da labari. Shi ya sa da ya ce mini a kicin ɗin ƙungiyarsu za ta kwana biyu a kan wani dutse, kowa zai ɗauki makwancinsa a bayansa, kuma kada kaya su wuce kilo takwas, ban ji komai ba sai sha'awa.

Na ce, "Mutum da gadonsa da fankarsa ya tafi kwana kan dutse. Allah ya shirya 'yan boko."

"Amin. Amma ke za ki raka ni kasuwar Utako, ke kika iya ciniki. Ni suna ganina suke ninka kuɗi."

Na ji daɗin wannan maganar, ba zan ɓoye ba. Macen da ta shekara ashirin tsakanin kicin da igiyar shanya, idan aka ce mata akwai abin da ita kaɗai ta iya, zuciyarta takan yi fari.

Ranar Laraba muka shiga mota daga Kuje, muka sauka Jabi, muka ƙarasa kasuwar. Auta ya riga ya san rumfar, can ciki wajen 'yan gwanjo, inda ake zube jakunkunan makaranta da takalman sanyi. Mai rumfar dattijo ne ɗan Filato, da ƙaramin gicciye a wuyansa, Hausarsa irin ta garin nan wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ba ni kujera, ya ce, "Madam, ka zauna, rana yana da zafi."

Ya fito da tanti uku. Na farko na iyali ne, mutum shida za su kwana ciki, ɗaga shi kawai sai da Auta ya yi nishi. Na biyu madaidaici, amma sandunansa na roba ne mai gilashi, ɗaya ya riga ya tsage an naɗe shi da salatif. Na uku ƙarami ne, ruwan ƙasa, na mutum ɗaya, sandunansa na alminiyon, dogo siriri ba ya ɗaukar komai sai kwanciya. Da aka shimfiɗa shi a ƙasa na ce a'uzu billahi a zuciyata, don na ga abin da ya yi kama da shi, amma ban furta ba.

Na duba shi yadda nake duba atamfa. Na ɗaga yadin ga rana ina neman huda. Na shinshina ko ya yi funfuna a cikin dila. Na ja zif sama da ƙasa sau biyar, na bi ɗinkin da farce. Kashi biyu ne tantin: na ciki mai raga don sauro, da mayafin sama wanda ke tare ruwa. Na sami wuri ɗaya da ɗinki ya saki, na nuna wa dattijon, na rage masa kuɗi a kan haka, ya ce, "Kai madam, ka fi kwastan bincike."

Sai aka zo kan bargo, irin mai zif da mutum ke shiga ciki kamar buhu. Dattijon ya ajiye biyu. Ɗaya siriri mai audugar roba, ya ce shi ne daidai da Abuja. Ɗayan kuma cike yake da gashin tsuntsu, idan ka matse shi ya koma kamar ƙwallo, ka sake shi ya kumbura. Auta bai ko kalli na farkon ba.

Dattijon ya ce, "Oga, wannan na ƙasar ƙanƙara ne fa. A zafin nan za ka dahu a ciki. Kuma idan ruwa ya taɓa shi, ya mutu, kwana uku ba ya bushewa."

Auta ya ce, "Ba zai taɓa shi ba."

Dattijon ya dube shi, kallo mai ɗan tsawo, sannan ya dube ni. Na ga kallon sarai. Ni mai lura ce, ko cokali aka matsar a kicin ina sani. Amma na fassara shi da cewa yana mamakin taurin kan yaran zamani ne, har na taya shi da cewa, "Rabu da shi, Baba, tun yana yaro haka yake, abin da ya sa kansa shi ke nan." Muka ƙara da tabarmar soso mai naɗewa, na sa aka yanke mata ɗani biyu don ta yi daidai da tsawonsa daga kafaɗa zuwa gwiwa. Wannan shawarata ce, kuma har muka iso gida ina alfahari da ita.

Washegari da yamma muka kafa tantin a tsakar gida, tsakanin bishiyar gwaiba da tankin ruwa. Yarana suka yi ta shiga suna fita. Mamana ta shige can ƙurya da 'yar tsanarta ta ce ita ta tare, a kawo mata tuwonta nan. Ubanta ya kwanta a bakin tantin, rabin jikinsa a waje, ta hau cikinsa tana ja masa gemu. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallonsu, na ce Alhamdulillahi, yaron nan ya dawo cikin mutane.

Bayan nan aka shiga awo. Na fito da sikelin tsakar gida, muna ɗora komai muna rubutawa a bayan kwalin madara. Sanduna, turaku, igiya, bargo, tocila, kofi. Muka wuce kilo takwas da kusan kilo guda. Na raba sabulu biyu. Na cire masa tawul na sa ƙaramin mayafina na auduga. Sallayarsa mai kauri ce, na ce zan ɗinka masa wata da yadin tsohuwar lema, wadda za ta shiga aljihu. Na ɗauko ƙaramar buta ta roba, ya ce a bar ta.

"Alwalar fa?"

"Inda babu ruwa ai akwai taimama, Yaya."

"Duwatsun nan namu duk rafi ne a gindinsu. Wace taimama?"

Ya ce wasa yake yi, amma butar ba ta shiga jaka ba.

Sai ya ɗauki mayafin saman tantin, na tare ruwa, ya ɗora a sikeli. Giram ɗari shida da wani abu. Ya ninke shi ya ajiye gefe.

A nan muka yi musu na gaske. Lokacin ƙarshen bazara ne, kullum da la'asar hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa, kowa ya san saura ƙiris. Na ce ya cire bargon gashin, ya ɗauki zanen gado, ya mayar da rufin. Na ce wane mai hankali ne zai ɗauki bargon sanyi a watan da ake kwana a waje, ya bar abin da zai kare shi daga ruwa. Ya ce shugabansu ya duba hasashen yanayi. Na ce shugabansu ba shi ke saukar da ruwa ba. Ya rungumo kafaɗata yana dariya, ya ce, "Yaya, ki yarda da ni sau ɗaya." Na ƙyale shi, don ban taɓa ƙin yarda da shi ba balle a ce sau ɗaya.

Abu na ƙarshe da ya roƙe ni shi ne jarka. Ya kawo jarkar lita biyar da tsohon buhun algarara, ya ce in ɗinke buhun a jikinta, idan aka jiƙa shi ruwan ciki yakan yi sanyi. Ya ce ita ba ta cikin lissafin kilo takwas, a hannu ake riƙewa. Na zauna da basilla da zaren buhu na ɗinke ta tsaf, har na yi mata maratayi. Na soya masa ƙuli-ƙuli, na daka dakuwa, na ƙulla garin rogo da sukari, na sa dabino. Ya ce in ƙara. Na ce kwana biyu ne fa, ko duk ƙungiyar zan ciyar. Ya ce abokai suna da yawa. Na ƙara.

Ranar Juma'a bayan asuba ya fito da jakar a bayansa, ya ce a tashar Jabi za su haɗu. Maigidan yana wanka, yara ba su tashi ba. Ina tsaye a ƙofar kicin ina tace koko. Ya zo ya durƙusa a gabana da jakar da komai, har ta kusa kifar da shi, ya haɗa hannu biyu kamar tsoho mai tafiya Makka.

"Yaya, tafiya ta kama. Duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, na baya da na gaba, a yafe mini."

Mu haka muka taso. Ba a yin doguwar tafiya sai an nemi gafarar na gida, don ba wanda ya san ko zai dawo. Mahaifiyarmu ko asibiti za a kwantar da ita sai ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan dutse ne da ake hango irinsa daga bayan gidanmu, kuma ga shi yana wani marairaice fuska da gangan. Dariya ta kama ni har koko ya zuba a hannuna.

Na ce, "Alhaji, a gaida mutanen Madina. Tashi ka ba ni wuri."

"Sai kin faɗa."

"Na yafe maka duniya da lahira, na baya da na gaba. Ka ji daɗi? Ka dawo mini da cokalina."

Ya tashi, ya ce na gode, kuma muryarsa ba ta wasa ba ce a wannan kalmar. Na ji bambancin. Na ce a raina sanyin safiya ne.

Ranar Asabar da la'asar ruwan farko ya sauka, mai iska, irin wanda ke ɗaga kwanon rufi. Na tsaya a taga ina kallon duwatsun da suka yi baƙi, ga rufin tantin a ninke a kan firij inda ya bar shi. Na yi ta addu'a, Allah ka karkatar da ruwan nan daga kansa, Allah ka sa ya sami kogo, Allah kada bargon ya jiƙe. Har sadaka na ba maƙwabciya ta kai masallaci. Mamana tana gefena tana wasa da murfin kwalba, na ce mata, "Yi wa Babanki addu'a, yana kan dutse ruwa yana dukansa." Ta ɗaga hannuwanta ta shafa.

Wayarsa ba ta shiga tun Juma'a, amma ya riga ya ce babu sabis a sama. Lahadi na dafa masa shinkafa da wake, abincin da ya fi so, ta huce a kula. Litinin da safe maigidan ya nemo lambar wadda ke shirya musu hawan, wata budurwa mai ladabi. Ni na yi magana da ita. Ta ce, "Mama, mu ba ma kwana a dutse. Da safe muke hawa, kafin azahar mun sauko. Kuma ɗan'uwanku ya fi wata biyu bai zo ba."

Maigidan ya tafi wajen 'yan sanda da asibitoci. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kallon dattijon nan. Talata na sa hijabi na hau motar Jabi ni kaɗai, abin da ban saba ba.

Yana ganina ya gane ni, ya jawo kujera. Na gaya masa ƙanena bai dawo ba. Bai yi mamaki ba.

Ya ce, "Madam, ba ka sani ba?"

"Me zan sani?"

Ya shafa kansa. "Mutum ya sayi bargon sanyi a zafi, ba ya tsoron ruwa. Ya ɗinka buhu a jarka?"

Na ce ni na ɗinka.

"To ai hamada ke nan. Can rana yana ƙona mutum, dare sanyi yana shiga ƙashi, ruwan sama babu. Suna zuwa nan da yawa, yara masu digiri. Daga Jabi su hau motar Kano, daga can su ƙetare. Ni idan na gane, ina yi musu faɗa, wani ma ina cewa ba ni numban babanka. Shi ma ya zo sau biyu shi kaɗai, na tambaye shi, ya ce gida sun sani. Na ce ban yarda ba. Sai ga shi ya zo da kai, kana duba ɗinki, kana rage kuɗi. Na ce to, gaskiya ne, gida sun sani."

Ashe ba don na iya ciniki ya kai ni ba. Shaida ya kai ni in zama, don dattijon ya daina tambaya. Na zauna a kujerar nan cikin hayaniyar kasuwa, mai baro yana cewa a ba shi hanya, ina tuna yadda na ɗaga yadin ga rana ina jin kaina gwana. Dattijon ya sayo mini ruwan leda, ya ce zai sa shi a addu'a a cocinsu. Na ce na gode, kuma har zuciyata na gode.

Saƙon ya shigo ranar Alhamis da hantsi, na murya, daga lambar da ba ta ƙasar nan ba. Ana jin iska da ƙarar injin a bayansa. Ya ce yana Agadas, lafiyarsa ƙalau, gobe za su shiga hamada. Ya ce ya gaji da zama a ɗakin bayan mijin yayarsa yana jiran a kira shi gyaran batir. Ya ce da ya faɗa mini da na hana shi, kuma da na yi kuka da ba zai iya tafiya ba. Ya ce bargon yana da kyau, dakuwar ta yi daɗi. Ya ce in riƙe masa 'yarsa, ya san ba sai ya roƙa ba. Sai a ƙarshe ya ce, "Kuma Yaya, ki tuna kin riga kin yafe mini, na baya da na gaba. Da bakinki kika faɗa."

Wannan jimlar ce ta fi yi mini ciwo, har yau. Tafiyar zan iya fahimta, na ga yadda zaman banza ke cin namiji. Ƙaryar dutsen ma zan iya cewa tsoro ne. Amma ya zauna ya tsara yadda zai karɓi yafiyata ba tare da na san abin da nake yafewa ba. Ya san ni, ya san ba na wasa da kalmar nan, ya san idan na ce duniya da lahira ba zan iya janyewa in kwana lafiya ba. Ya ɗauki abin da mahaifiyarmu ta koya mana da hawaye, ya mayar da shi wasan safiya don ya wuce da shi. Ko jakar da ya goya ba ta kai wannan shiri ba.

Na kai maganar wajen malamarmu ta Islamiyyar matan aure, bayan an tashi. Na tambaye ta ko yafiyar da aka karɓa da dabara tana nan. Ta ce ita ba za ta ce mini ta ɗaure ni ba, ba kuma za ta ce ta warware ba, in duba zuciyata in ga abin da ke ciki, kuma in tuna mutumin yana hanyar da ake mutuwa. Na dawo gida da nauyin da na tafi da shi. A sujada ina roƙon Allah ya fitar da shi daga yashin nan da rai, ina ɗagowa kuma in ji ba na son jin muryarsa. Yanzu da nake rubutun nan yana raye, yana aikin fenti a wani gari na bakin teku, yakan kira jefi-jefi. Muna gaisawa. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Amma a wancan makon abin da ya fi ƙarfina shi ne yarinyar. Kullum da safe ina yi mata wanka ina cewa Babanki yana kan dutse, ya kusa saukowa. Ni da nake dukan yarana a kan ƙaryar wanda ya shanye madara, ga ni ina yi wa yarinyar da uwarta ta bari ƙarya safe da yamma. Na hana yarana su faɗa a gabanta. Idan waya ta yi ƙara sai in shige ɗaki. Na dawo da katifarta ɗakina na ce don sauro ne. Ita kuma ta rage cin abinci, ta daina hawa gwaiba, tana bina duk inda na yi tana riƙe da gefen zanena.

Maigidan ya ce, "Ki gaya mata. Idan ba ki faɗa ba, 'ya'yan maƙwabta za su faɗa mata a bakin famfo, kuma ba da irin lafazinki ba."

Na ce, "In ce mata me? Uwarki ta tafi, yanzu ubanki ma ya tafi, kuma ni na ɗinka masa jarka?"

Ya ce, "Ki ce mata abin da ya faru. Sauran ki bar wa Allah."

Na ɗauki kwana uku ina shirya kalmomi. Ranar da na yi niyya, Lahadi ce da hantsi, gidan ba kowa, maigidan ya fita da yara. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna a kan tabarma zan yi mata kitso, don na ga zai fi mini sauƙi idan ba ta kallon fuskata. Na tsefe kan, na shafa mai, na tsaga layi na farko. Tsagar ta karkace, na sake.

Na ce, "Mamana, zan gaya miki wata magana. Babanki ba ya kan dutse. Na gaya miki ba daidai ba, ki yi haƙuri. Ya yi tafiya mai nisa, wata ƙasa, neman aiki. Zai daɗe bai dawo ba. Amma kina nan wurina, ba inda za ki, ni ma ba inda za ni."

Na tsaya ina jiran kukan. Na riga na ajiye kibiyar kitson don in ɗauke ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ja dogon numfashi ta sauke, irin na babban mutum da ya sauke tulu daga ka, kafaɗunta suka saki a jikin gwiwoyina. Sannan ta juyo da rabin kai a tsefe ta dube ni.

"Goggo, ai na sani. Ya gaya mini a cikin tanti. Ya ce kada in faɗa miki, wai ke ba ki da ƙarfi, za ki yi ta kuka. Na riƙe, ban faɗa wa kowa ba. Yanzu zan iya dainawa?"